Hanyar Boɗinga zuwa Shagari: Wa Zai Tarbi Baƙo?

Sharhinmu na yau daga tsakiyar teku zai taso, amma a bakin titin Boɗinga da Shagari zai sauka, don haka a yi haƙuri a biyo mu. Can yamma da Senegal, tazarar kusan kilomita 570 daga gaɓa, akwai ƙasar Cape Verde. Tsibirai 10 ne, ana zaune a kan 9 daga cikinsu. Tana cikin ƙungiyar Ecowas kamar Nijeriya, ta karɓi mulkin kai daga Fotigal a 1975, mutanenta kuwa rabin miliyan ne da 'yan kai, ba su fi na birnin Sakkwato da kewaye ba. Busasshiyar ƙasa ce irin tamu. Damina gajera ce, ƙurar hunturun da ke rufe mana rana tana ƙetare teku ta isa can, kuma a shekarun 1940 fari da yunwa sun kashe dubban mutane a tsibiran. Ba su da man fetur, ba su da zinariya. Duk da haka a 2023 baƙi fiye da miliyan 1 suka sauka a masaukansu, kusan baƙi biyu ke nan ga kowane ɗan ƙasa, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasar daga aljihun waɗannan baƙi yake fitowa.

Da an kawo irin wannan labari, amsar da aka saba ji a wurinmu ita ce: ai su teku gare su, mu kuwa sai rairayi da zafin rana. Ni ban yarda da wannan amsa ba. Teku na jawo wani kaso na baƙi, babu musu, amma gaɓar Afirka ta Yamma doguwa ce, kuma mafi yawanta babu mai zuwa hutu. Abin da ke sa mutum ya ɗaure kaya ya nufi wani wuri shi ne ya san abin da zai gani, ya san hanyar da zai bi da lokacin da ya dace, ya san wanda zai tarbe shi da inda zai ci abinci, kuma ya tabbata zai dawo gida lafiya. Ƙasashen tsibirai sun ƙware a wannan shiri ne saboda dole: babu mai biyowa ta kansu a kan hanyarsa ta zuwa wani gari, sai wanda ya yi niyya. Mu kuwa babban titi ya ratsa ta ƙofar gidanmu, motoci suna wucewa dare da rana daga Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega da Yawuri, kuma a gefen wannan titi tarihin da ya sauya fuskar Afirka ta Yamma yake kwance. Abin gani muna da shi. Shirin tarbar mai gani ne ba mu yi ba, kuma wannan aiki ne da mutanen gari za su iya farawa tun kafin gwamnati ta motsa.

Mu duba abin da ake nuna wa baƙo a can. Idan ya gaji da wanka a teku ya nemi tarihi a Cape Verde, Cidade Velha ake kai shi, tsohon garin da Turawan Fotigal suka kafa a 1462, wajen kilomita 15 daga Praia babban birnin ƙasar. Me ke wurin? Kangon wata majami'a, ganuwar sojoji a kan tudu, wata tsohuwar hanya mai gidajen dutse, da ginshiƙin da ake ɗaure bayi ana hukunta su a tsakiyar kasuwa. A sa'o'i biyu an gama zagayawa. Amma hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2009, domin an adana shi an kuma iya ba da labarinsa. A Mauritius, tsibirin da ke tekun Indiya, wurin da ake kira Aapravasi Ghat bai ma kai haka ba: 'yan matakalan dutse ne a bakin ruwa da ragowar ɗakuna, inda leburorin da aka kwaso daga Indiya suke fara taka ƙasa. An sa shi a wancan jeri a 2006. Tsibirin Gore da ke gaban Dakar kuwa bai kai kilomita ɗaya a tsawo ba, amma shugabannin duniya sun sha zuwa, kuma babban dalili shi ne mutum ɗaya, Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya shafe shekaru sama da 40 yana tsaye a Gidan Bayi yana yi wa baƙi bayani har ya rasu a 2009. Masana tarihi sun yi jayayya da wasu alƙaluman da ake faɗi game da yawan bayin da suka bi ta gidan, wannan kuma gargaɗi ne gare mu cewa mai bayani ya tsaya kan abin da ya tabbata. Amma darasin yana nan: ɗan abin da ya rage a ƙasa, idan ya sami mai kula da mai bayani, ya isa ya sa mutum ya ƙetare teku.

To, me muke da shi a tsakanin Boɗinga da Shagari? Mu fara da Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Gwandu ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 har zuwa 1815, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Shekarun nan biyar ba na hutu ba ne. Yaƙi ya lafa, tambaya ta koma kan yadda za a riƙe ƙasar da aka samu, jama'a sun fara saɓani a kan mulki da ganima da abin da ya halatta da wanda bai halatta ba, Shehu kuwa yana zaune yana karantarwa yana rubutu domin ya daidaita su. Littafinsa Najmul Ikhwani na wannan zamanin ne. A 1812, yana Sifawa, ya raba ɗawainiyar mulki gida biyu: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello wanda ya riga ya fara gina Sakkwato a 1809, yamma a hannun ƙanensa Abdullahi. Duk wanda ke son ya gane dalilin da ya sa Ilorin da Nupe suke kallon Gwandu, Kano da Katsina da Bauci da Adamawa kuma suke kallon Sakkwato, to asalin maganar a Sifawa aka yanke ta. Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa a Boɗinga ya kafa zama, kusa da yayansa, kuma a shekarun da yake wannan yanki ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, ya kammala babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, wanda har yau ake karantawa a zaurukan malamai da jami'o'i. Sai bayan rasuwar Shehu ya koma Gwandu. Ɗalibi nawa ne ya karanta waɗannan littattafai a Kano ko Zariya ko Yamai, ya wuce ta Boɗinga a mota, bai san ya ratsa garin marubucinsu ba?

Baƙin farko ma ba su raina wannan hanya ba. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya bi ta Boɗinga da Sifawa a tafiyarsa daga Sakkwato zuwa Gwandu, inda ya sami kwafin Tarihus Sudan ya zauna yana kwafa. Idan aka ɗan ratse daga babban titi kuma akwai Yabo, garin Muhammadu Moyijo, ɗaya daga manyan jagororin jihadi, inda har yau sarautar Sarkin Kabin Yabo take. Ta wajen Danchadi kuma akwai kufan Satiru. A ranar 14 ga Fabrairun 1906 talakawan wannan ƙauye, da gatura da fartanya da kibau, suka fatattaki rundunar Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da 20. Ranar 10 ga Maris aka dawo musu da manyan bindigogi, aka kashe mutane wajen 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a cikinsa. Labari ne mai ɗaci, kuma har yanzu bakuna ba su haɗu a kan fassararsa ba, tunda mayaƙan Sarkin Musulmi na lokacin suna tare da Turawa a yaƙi na biyu. Amma ginshiƙin bayi na Cidade Velha ma ba labari mai daɗi ba ne, kuma ba a ɓoye shi ba.

Shagari kuwa sunanta ya riga ya zagaye Nijeriya. Da wuya ka shiga babban gari ba ka sami unguwar da ake kira Shagari Kwatas ba, saboda gidaje masu sauƙin kuɗi da aka gina a Jamhuriya ta Biyu, amma mafi yawan mazauna waɗannan unguwanni ba su taɓa ganin garin da sunan ya fito ba. A nan aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairun 1925, ɗan Magajin Shagari. A Yabo ya yi elemantare, ya wuce midil a Sakkwato da kwaleji a Kaduna, ya yi malanta har ya zama hedimasta a Argungu, ya rubuta Waƙar Nijeriya, aka naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962, ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa mai cikakken iko na farko daga 1 ga Oktoban 1979 zuwa juyin mulkin 31 ga Disamban 1983. Da aka sako shi daga tsarewa a 1986, garin nan aka mayar da shi. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamban 2018, aka kawo shi Shagari aka rufe. Ana iya saɓani a kan mulkinsa, kuma ya kamata a yi, domin tattalin arziki ya girgiza a zamaninsa kuma an zargi wasu na kusa da shi. Amma yaron firamare da aka tsayar a ƙofar wannan gida aka ce masa daga nan malamin makaranta ya tashi ya shugabanci Nijeriya, ya kuma dawo nan, ya koyi abin da allo da alli ba za su koya masa ba. Gani ya kori ji.

Yanzu ga mai niyyar zuwa, ga shawara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sauko, an gama girbi, rumbuna sun cika, hanyoyin ƙauye sun bushe. A guji Afrilu da Mayu in ba dole ba, domin zafi kan haura digiri 40, kuma baƙon da bai saba ba zai iya galabaita kafin azahar. A kwana a Sakkwato, a fara da Hubbaren Shehu da ofishin tarihi na Waziri Junaidu, inda ake ajiye rubuce-rubuce da kayan tarihi, domin wanda ya ga waɗannan zai fi gane abin da zai tarar a gaba. Washegari a yi sammako. Filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana kan wannan hanya, Sifawa da Boɗinga tafiyar wajen rabin sa'a ce daga birni, Shagari kuwa wajen sa'a guda. Mai motar kansa ya sha mai tun daga Sakkwato. Mai shiga ta haya ya riƙe tsabar kuɗi da canji, kada ya dogara da tura kuɗi ta waya, domin sabis kan ɗauke, mai fura da ɗan kabu-kabu kuma ba su jiran alat. A tafi da ruwan sha, da rawani ko mayafi saboda ƙura, da man shafawa saboda hunturu na fasa leɓe. Idan ranar Juma'a ce, a gama zagaye kafin a fara haramar masallaci. Kuma kowane irin daɗi zama ya yi, a kamo hanyar komawa da la'asar, a shiga Sakkwato da sauran rana.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne ladabin shiga gari. Baƙo kada ya sauka daga mota ya zaro waya ya fara ɗaukar hoto. Ya nemi ƙofar hakimi ko mai gari, ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya ce ranka ya daɗe, ya faɗi daga inda ya fito da abin da ya kawo shi. Sau da yawa a nan za a kira wani dattijo ko wani malami a ce raka su, kuma wannan rakiya ita ce tafiyar gaba ɗaya. Shi zai nuna maka gurbin da ba za ka taɓa ganewa da kanka ba, ya gaya maka wane gida ne zuriyar wane, ya hana ka taka inda ba a takawa. Gidan marigayi Shugaba Shagari gidan iyali ne, ba a faɗa masa sai da sallama da izini. Ba a ɗaukar hoton mata ko na cikin gida sai an yarda. Idan aka kawo ruwa ko fura a karɓa, kuma a yi wa ɗan rakiya alheri mai kauri, domin iliminsa ya ba ka. Kafin a juyo a ɗanɗani abincin wurin: fura da nono mai sanyi a ƙwarya, hoce da ƙuli-ƙuli, tuwon shinkafa, da kilishi na tsaraba. Mai son kayan fata ya bari sai ya koma Sakkwato ya nemi dukawa, waɗanda jar akuyarsu ta yi suna har Turai tun zamanin ayarin raƙuma.

Sai dai a lura da raunin da ke cikin wannan shawara tawa: duk ta rataya ne a kan sa'a. Idan hakimi yana nan, idan dattijon da ya san labari yana da rai da lafiya, baƙo ya more. Idan ba haka ba, zai tsaya a bakin titi 'yan kabu-kabu sun kewaye shi, ya tambayi inda Shehu ya zauna, wannan ya nuna gabas wancan ya nuna kudu, ya sayi ruwan leda ya koma mota. A nan ne masu cewa ai babu abin gani suke samun hujja. Suna cewa gine-ginenmu na ƙasa ne, damina ta cinye su, ba kamar dutsen Fotigal ba. Gaskiya ne ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Amma Agadas da ke maƙwabtaka da mu ta ƙasa ce, hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce, kuma ta shiga jerin UNESCO a 2013 saboda ana yaɓe ta ana gyarawa. Inda gini ya riga ya tafi, gurbi yana nan, suna yana nan, littattafan da aka rubuta a wurin suna nan. Allo ɗaya na ƙarfe mai bayani da Hausa da ajami da Larabci da Turanci, ɗaki ɗaya mai tsabta da aka jera kwafin littattafan Shehu da na Abdullahi da taswirar tafiyarsu daga Degel zuwa Gudu zuwa Gwandu zuwa Sifawa, da matasa biyu da aka koya wa bayani, sun isa su mayar da tsayuwar minti biyar ta zama ziyarar rabin yini.

Babbar hujjar masu ja ita ce tsaro, kuma ba zan raina ta ba. Jihar Sakkwato tana cikin jarrabawa. 'Yan bindiga sun addabi Isa da Sabon Birni da sauran gabashin jiha, Lakurawa sun bayyana a yankin Tangaza da Gudu, kuma hare-hare sun taɓa wasu ƙauyukan Tureta da na Shagari kanta. Duk wanda ya ce wa baƙo ya shiga daji neman kufai ba tare da ya tambayi masu gari da jami'an tsaro ba, ya cuce shi. Shi ya sa na taƙaita shawarata ga babban titi, da rana, da ɗan rakiya, kuma in masu gari suka ce yau kada a je wuri kaza, to magana ta ƙare. Amma a ce sai tsaro ya dawo ɗari bisa ɗari za a fara shiri, wannan kuskure ne, domin dattijan da ke riƙe da labarin ba za su jira ba. Kowace shekara ana rufe wasu daga cikinsu da abin da ke kansu. Naɗar muryoyinsu, auna gurabe, rubuta alluna da horar da masu bayani ayyuka ne da ake yi a cikin gari, ba sa buƙatar rakiyar soja. Kuma baƙin da nake magana a kansu ba Turawa ne masu gajeren wando ba. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne da na jami'ar jiha da na kwalejin ilimi mai sunan Shagari, da 'yan Islamiyya, da dubban masu ziyarar Hubbare daga Nijar da Kano da Ilorin da Adamawa, waɗanda sun riga sun iso Sakkwato da kuɗin motarsu. Rabin sa'a kawai ta rage a ƙara musu.

Akwai kuma masu tsoron abin da yawon buɗe ido ke jawowa na lalacewar tarbiyya, da malaman da ke ganin tafiya zuwa wuraren magabata ƙofa ce ta bidi'a. Duka biyun damuwa ce ta gaskiya. Game da ta farko, a dubi Maldives, ƙasar tsibirai ta Musulmi zalla a tekun Indiya. Tun 1972 suke karɓar baƙi, amma sun shata iyaka: ba a shigo da giya ko naman alade ta filin jirginsu, ba a sayar da giya a tsibiran da jama'a ke zaune, kuma da aka ba 'yan ƙasa damar buɗe masaukai a garuruwansu a 2009, baƙon da ya sauka a can dokar sutura ta gari yake bi. Mai gida ne ke faɗin sharaɗi, in dai ya faɗa tun da wuri. Game da ta biyu, malamai sun daɗe suna saɓani a kan yin tafiya takanas domin kabari, kuma ba a sharhin rediyo za a warware wannan ba. Abin da nake kira gare shi ziyarar ilimi ce: a ga inda aka karantar, inda aka yi shawara, inda aka rubuta littafi. Shehu da kansa ya yi gargaɗi a kan bidi'o'in da ake yi a makabarta a cikin Ihya'us Sunna. Wurin da aka bari babu mai kula, a nan jahilci ke yin yadda ya so. Wurin da aka ajiye malami mai bayani, shi zai fara hana a ɗebi ƙasa ko a shafi bango.

Wani zai ce, mutane na fama da tsadar taki da rashin magani a asibiti, kai kana zancen alluna? Ina jin wannan, kuma da miliyoyin da za a gina katafaren otal nake nema, da ni ma na ja da baya. A nan ma Cape Verde ta koya mana abin da za a guje wa. Mafi yawan baƙinta a tsibiran Sal da Boa Vista suke sauka, a manyan otal na kamfanonin waje, inda baƙo ke biyan kuɗin ci da sha da kwana tun daga Turai, ya yi mako bai sayi ko ƙwai a hannun ɗan gari ba. Irin wannan ba ya kai wa talaka. Ziyarar da nake nufi kuɗinta ƙanana ne, amma a hannun mai fura da direba da baduku da mai abinci suke faɗawa kai tsaye. Motar ɗalibai guda ɗaya mai mutum 30, idan kowa ya ci abinci ya sayi tsaraba, cinikin rana ne ga mata da yawa. Kuma duk abin da aka gyara domin baƙo, ɗan gari ne ke fara morarsa. Cape Verde ta yi yaƙi da sauro har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2024 cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Baƙi sun ji daɗi, amma 'ya'yan ƙasar ne suka daina mutuwa.

Wannan ya kawo ni ga ruwan Shagari. Dam ɗin da ke can wuri ne da baƙo zai so ya tsaya, ya ga masunta da masu noman rani da shanu a bakin ruwa da yamma. Amma ba zan shawarci kowa ya hau kwalekwale ba a halin da ake ciki. A Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da 'yan ƙauyen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara da matasa da suka fita neman itace. Allah ya jiƙansu da rahama. A ƙasashen da rayuwarsu ta dogara da jigilar baƙi a ruwa, ƙidaya fasinja da ajiye rigar ceto ga kowane mutum sharaɗi ne na lasisi, domin sun san haɗari ɗaya zai kashe musu kasuwa. Mu bai kamata mu jira kasuwa ta tilasta mana ba. Rigar ceto a kowane kwalekwale, da iyakar mutanen da zai ɗauka, da sarkin ruwa mai ikon hana tashi, haƙƙin yaran Shagari ne ko baƙo ya zo ko bai zo ba.

Saboda haka kirana ga iyayenmu hakiman Boɗinga da Sifawa da Danchadi da Yabo da Shagari, Allah ya ja zamaninku, shi ne kowannenku ya ware mutum biyu masu ilimi da haƙuri waɗanda duk baƙon da ya zo za a haɗa shi da su, a kuma san lambar wayarsu a tasha. Shugabannin ƙananan hukumomin nan su kafa alluna a bakin titi da kan gurabe, bayan masana na sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ofishin Waziri Junaidu sun tantance kowace kalma. Ɗalibai 'yan asalin yankin su ɗauki wayoyinsu a hutun nan su zauna gaban kakanninsu su naɗi abin da suka sani. Shugabannin makarantu kuma, na boko da na Islamiyya, ku sa ziyarar Sifawa da Boɗinga da Shagari cikin tsarin zangon hunturu mai zuwa, ku aika wa masu gari takarda tun yanzu. Sai a tashi da hantsi, a dawo kafin magariba.